Sau biyu likitanci na kuɓuce min: in sake JAMB ko in karɓi abin da aka ba ni?

Sadik:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure. Sau biyu ke nan ina zana JAMB ina cike likitanci. Bara na ci 262, bana 274, amma sunana bai fito ba. Bana dai sun canja min zuwa maikrobayoloji, wato ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta. Baba ya ce kada in kuskura in karɓa, in zauna in sake, shi ɗansa likita zai zama in sha Allahu. Mama kuwa ta ce shekaru tafiya suke, abokan karatuna har sun shiga aji biyu a jami'a. Ni tun ina firamare "Dakta" ake kirana a gida, har ƙannena ba su san sunana na yanka ba sai da suka girma. To jiya yayan wani abokina ya tambaye ni me ya sa nake son likitanci. Wallahi na rasa abin cewa, sai na ce ina son taimakon mutane. Ya yi dariya ya ce mai tura baro ma taimakon mutane yake. Tun jiyan ban yi barcin kirki ba. Likitocin da ke nan, don Allah me ya kai ku? Kuma da za a mayar da hannun agogo baya, za ku sake zaɓarsa?

Abban Walid:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka zo Kwari in ba ka kujera a shago, ka huta da wahalar nan. Ni da wani aminina tare muka gama sakandare. Shi ya tafi likitanci, ni na bi kawuna kasuwa. Ranar da ya gama bautar ƙasa ina da shago nawa na kaina da 'ya'ya uku. Shaddar da ya sa ranar ɗaurin aurensa ma ni na yanka masa, kuma har yau bai cika min kuɗin ɗinki ba.

Injiniya Bash:
Alhaji, ka faɗa masa har da waɗanda suka bi kawunsu kasuwa suka shekara goma sha biyar suna ɗaga wa wani dila. Ba kowa ne Abban Walid ba.

Abban Walid:
Wannan kuma gaskiya ne, ban musa ba.

Dakta Maman Ilham:
Sadik ƙanena, bari in fara da lissafin shekaru, don shi ne abin da ba a cika gaya wa yara ba. Karatun kansa shekara shida ne a takarda. Na ce a takarda, saboda yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga na 2020 da ya haɗu da korona. Ka gama, sai shekara ɗaya ta aikin koyo wanda muke cewa hausjob: wata uku-uku a sashen manya, sashen tiyata, sashen yara, da sashen mata da haihuwa. Sai ka gama shi hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, za ta ba ka cikakken lasisi. Sannan bautar ƙasa. Idan kana son ƙwarewa a wani fanni, sai ka zana jarrabawar share fage, ka nemi gurbi a asibitin koyarwa, ka sake wasu shekara biyar ko shida ko fiye, kana aiki kana karatu kana zana jarrabawa. Ni na shiga jami'a ina da shekara 18. Yau ina da 35, ina da 'ya'ya uku, kuma har yanzu akwai jarrabawa a gabana. Ilham ta taɓa tambayata, "Mami, ke yaushe za ki gama makaranta?"

Abin da ya kai ni kuwa ba wani dogon tunani ba ne. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare yayata, wadda nake bi, ta zo haihuwar fari. Kwana biyu tana naƙuda a ɗaki. Ba wai babu kuɗin mota ba, akwai. Surukarta ce ta ce ba za a kai ta inda namiji zai duba ta ba. Da aka ga abin ya gagara aka ɗauke ta a bayan a-kori-kura, ni ce na riƙe mata kai a cinyata. Ina tuna ɗankwalinta da ya jiƙe sharkaf, da yadda take ta ce min in gyara mata zani kada mutane su gani. Ba ta kai asibitin ba. Daga ranar na sa a raina sai na zama macen da za a tarar a ɗakin.

Tambayarka ta biyu: e, zan sake zaɓa. Amma ba kullum nake ba da wannan amsar ba. Ka tambaye ni ƙarfe uku na dare ka ji.

Hajiya Umman Yara:
Allah ya jiƙan yayarki, Dakta. Kin sa ni hawaye da safen nan.

Sadik:
Allah ya gafarta mata, Anti. Me ke faruwa ƙarfe uku na daren?

Dakta Maman Ilham:
Amin, na gode. Bari in ba ka daren Talatar da ta wuce, don shi ne sabo a kaina. Na shiga aiki takwas na safe, kuma ni ke da kwanan asibiti. Wajen biyu da rabi aka kawo yarinya, ba ta wuce sha bakwai ba, cikin fari, tana jijjiga, ta tauna harshenta, jininta ya hau sosai. Mun yi mata allurar da ke tsayar da jijjigar, muka ce sai tiyata. Ana buƙatar jini. Maza biyar suka rako ta, da aka ce a zo a gwada a ɗibi na wani, uku suka ce za su je sallah, ba mu sake ganinsu ba. Ɗalibinmu ɗaya ne ya nannaɗe hannun riga ya bayar. Muna tsakar aiki wuta ta ɗauke, kafin a tayar da inji da fitilar waya biyu aka haska min. Uwa ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Ni na fita na gaya wa mijin. Ban gama rufe baki ba ya ce ai dama mun yi ta ɓata lokaci. Na koma na wanke hannu na rubuta bayanai, takwas na safe kuma ina ɗakin duba masu awo kamar ba a yi komai ba.

Wannan shi ne aikin. Farar riga da abin awon ƙirji a wuya, na hoto ne.

Dakta Nura:
Duk abin da Dakta ta faɗa haka yake, na yi irin daren nan ba adadi. Ni kuma zan faɗi abin da ba a so a ji. Kuɗi da girma suka kai ni likitanci, ba zan yi muku ƙarya ba. Gidanmu talakawa ne, babana tela ne, na ga likitan unguwarmu da mota da gida kowa na rusuna masa, na ce nan za ni. Kuma ban ga laifin hakan ba. Mai neman halali ba ya jin kunya.

Abin da na tarar daban. Shekara da shekaru kuɗin alawus ɗin haɗari da ake ba likita naira dubu biyar ne a wata, sai ƙarshen 2021 aka taɓa shi. Dubu biyar, a kan tarin fuka da ciwon hanta da zazzaɓin Lassa. Ku tuna a farkon 2020 Lassa ta kashe likitoci a Kano. Ku tuna Dakta Stella Adadevoh a Legas, wadda ta hana mutumin da ya shigo da Ebola daga Laberiya barin asibiti a 2014, cutar ta kama ta ta rasu a watan Agustan shekarar. Da ta bar shi ya fita, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. A haka kuma a 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya fito a talabijin ya ce muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. To na tafi. Shekarata huɗu a Saudiyya. Na gina wa mahaifiyata gida, abin da ban iya ba a shekara bakwai ina aiki a gida.

Malam Garba:
Dakta Nura, kana ɗana a shekaru, don haka zan faɗa maka kai tsaye. Da kuɗin wa aka koyar da kai? Jami'ar gwamnati ka yi, kuɗin da ka biya bai kai na littafi guda a ƙasar waje ba. A jikin talakan nan ka koyi sa allura da ɗinki. Da hannunka ya faɗa sai ka kwashi gwanintar ka kai wa masu kuɗi. Wa ka bar wa mutanen ƙauyen su babanka?

Dakta Nura:
Baba Malam, da girmanka. Shekara bakwai na ba su. Akwai lokacin da ni kaɗai ne likita a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, ni ne na yara ni ne na tiyata ni ne na haihuwa, aka riƙe min albashi wata biyar. Matata ta sayar da ɗan kunnenta muka biya haya. Wanda ya riƙe albashin ba a tambaye shi wa ya bar wa talaka ba, sai ni?

Malam Garba:
Ban wanke wanda ya riƙe albashi ba. Amma laifin wani ba ya zama hujjar wani.

Barista Hauwa:
Wannan ce muhawarar da aka yi a majalisar wakilai a 2023, lokacin da Ganiyu Johnson ya kawo ƙudurin a hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a ƙasa. Likitoci suka yi ca a kansa. Ni a matsayina na lauya abin da na tambaya shi ne, me ya sa likita kaɗai? Injiniya da lauya da akanta duk a jami'ar gwamnatin suka yi karatu, ba wanda ya ce a ɗaure musu ƙafa.

Injiniya Bash:
Saboda mu ba wanda ke rububinmu, Barista. Ko an buɗe mana ƙofa ina za mu?

Admin:
Jama'a a yi hattara, yaro ya zo neman shawara, kada mu mayar da zancen shari'ar Dakta Nura. A koma kan Sadik.

Sista Rabi:
Yauwa Admin. Ni tun ɗazu nake karantawa ina jira in ga ko wani zai tuna cewa ba likita kaɗai ke asibiti ba. Shekarata ashirin da biyu ina aikin nas da ungozoma. Dakta Maman Ilham ta ba ku labarin darenta, kuma gaskiya ta faɗa, amma ku tambaye ta wa ya fara karɓar yarinyar, wa ya sa mata robar ƙarin ruwa, wa ya zauna a kanta yana auna jininta bayan an fito daga tiyata har gari ya waye. Likita yana zuwa zagaye ya wuce, mu muke kwana da majinyaci. Sadik, in da gaske taimakon mara lafiya ne ke ranka, ga aikin nas, ga haɗa magunguna, ga gwaje-gwaje, ga gashin ƙashi, ga ɗaukar hoto. In kuwa duk ka ji waɗannan ba su yi maka ba, sai dai wanda za a ce maka Dakta, to ka san abin da kake so ba taimako ba ne, suna ne. Ba zagi ba ne ɗana, gara ka sani tun yanzu.

Dakta Maman Ilham:
Sista, ban da abin cewa. Ni kaina wata tsohuwar ungozoma ce ta koya min karɓar haihuwar da ta zo ta ƙafa, ba farfesa ba.

Sadik:
Mama Sista, maganarki ta soke ni, amma na ji. Gaskiya da aka ce nas sai da na ji wani iri a raina.

Sista Rabi:
To ka ga ka fara samun amsar da ka kasa ba yayan abokinka.

Kabiru Lab:
Tunda an ambaci gwaje-gwaje bari in gyara wani abu kafin yaron nan ya faɗa rami. Mutane da yawa suna zaton wanda ya karanta maikrobayoloji kai tsaye zai shiga ɗakin gwajin asibiti ya yi aiki. Ba haka ba ne. Kwas ɗin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti daban yake, shekara biyar ne, yana da hukumarsa mai ba da lasisi. Maikrobayoloji digirin kimiyya ne na shekara huɗu, ba ya zuwa da wannan lasisin. Yana da nasa hanyoyin, koyarwa da bincike da kamfanonin abinci da na magani da hukumomi irin su NAFDAC, amma guraben ba su da yawa, kuma yawanci sai ka ƙara da digiri na biyu. Na san waɗanda suka karɓe shi da niyyar za su canja zuwa likitanci daga aji biyu. Ana samu, amma kamar a ce maka ka jira kuka ta faɗo a bakinka ne. Akwai kuma hanyar gama digirin da sakamako mai kyau sosai ka dawo ka nemi shiga likitanci daga aji biyu. Ita ma gurbin kaɗan ne, domin kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da hukuma ta yarje mata ta ɗauka, ba ta isa ta wuce shi ba. Shi ya sa kake ganin mai 274 a waje. Ba daƙiƙanci ba ne, ɗaki ne ya yi kaɗan.

Injiniya Bash:
Ni kuma bari in kare likitanci, duk da ba gidanmu ba ne. Na yi injiniyan lantarki shekara biyar. Ajinmu mun haura ɗari. Waɗanda ke aikin injiniya na gaske yau, in na ƙirga da yatsun hannu biyu za su ishe ni. Saura suna banki, suna koyarwa, suna POS, wani na sayar da kaji. Ni shekara uku na yi ina yawo da ambulan kafin na koma harkar sola. Likita kuwa, duk kukan da yake yi, ban taɓa ganin wanda ya rasa inda zai yi aiki ba. Albashin ne bai ishe shi ba, amma aikin na nemansa. Wannan tabbacin ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan talaka.

Masu cewa a koyi kwamfuta a riƙa karɓar dala daga ɗaki, e, akwai masu karɓa, na san mutum biyu. Na kuma san talatin da suka sayi laftof suka yi kwas suna nan suna jira. Ana nuna mana wanda ya haye ne kawai.

Barista Hauwa:
Mu ma haka. Shekara biyar a jami'a, ɗaya a makarantar lauyoyi, ni a Bagauda na yi. Ka fito ka shiga ofishin wani babban lauya yana ba ka abin da bai wuce kuɗin mota ba, wai kana koyon aiki. Bambancin kawai, in na yi kuskure ana ɗaukaka ƙara. Nasu kuskuren maƙabarta ake kai shi.

Hajiya Umman Yara:
Ku bar ni in yi magana da bakin iyaye, don na ga kamar ana shirin ɗora wa baban yaron nan laifi. Ba son a ce "baban Dakta" ne kaɗai ba, ko da yake akwai shi, ba na musu. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin gwamnati ba shi da kowa a ciki ya san abin da nake nufi. Lokacin ciwon maigidana, Allah ya jiƙansa, tun asuba nake bin layin kati, a ce je ki can, can a ce dawo gobe, gado babu. Rana ta huɗu ɗan maƙwabciyarmu da ke aikin koyo a wurin ya gan ni a baranda, cikin awa ɗaya aka ba mu gado. A ranar na ce ko da zanin jikina zan sayar sai ɗaya cikin 'ya'yana ya zama likita. Iyaye tsoro ne ke sa su, 'ya'yana. Kowane gida so yake ya sami nasa a ciki.

Dakta Nura:
Hajiya, kuma wannan ɗin wani kaya ne da ba a gaya wa yaro. Ranar da ka zama likita ka zama asibitin dangi gaba ɗaya. Ina nan wata ƙasa amma kullum sai na tashi da hotunan sakamakon gwaji a waya, har na mutanen da ban taɓa gani ba. Kuma in an rubuta magani, kai ne za ka saya.

Malam Garba:
To ai shi ne amfaninka. Ni abin da nake so Sadik ya riƙe, wannan ilimi farilla ce a kan al'umma, in wasu suka ɗauka sun sauke wa saura, in kowa ya ƙi duk an yi laifi. Imamu Gazali ya kawo likitanci a cikin misalan farali kifaya tun ƙarnoni da suka wuce. Kuma mu a Arewa a baya muka faro. Dakta Barau Dikko, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, shi ne likitan farko daga Arewa, sai da ya je Ingila ya karanto. Makarantar likitanci ta Zariya sai 1967 aka buɗe ta. Ku dubi Babbar Ruga a Katsina: Bature ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees, shi ya zo ya share shekaru yana ɗinke matanmu masu yoyon fitsari yana koya wa namu. Wani ya baro ƙasarsa saboda matanmu, mu kuma muna hana 'ya'yanmu saboda albashi?

Abban Walid:
Malam, farali kifaya ai har da mai sayar da likkafani da mai noman hatsin da likitan zai ci. Kada a sa yaro ya ga in bai yi likita ba ya yi zunubi.

Malam Garba:
Ban ce ba, Alhaji. Kai dai ba ka rasa amsa.

Wani Ɗan'uwa:
Na roƙi Admin ya saka min wannan ba da sunana ba. Sadik, ni na samu abin da kake nema. Karo na uku na samu, aka yi walima a gidanmu, babana ya yanka rago. Aji ɗaya lafiya lau, don kimiyyar sakandare ce aka faɗaɗa. Da muka shiga aji biyu aka kai mu ɗakin gawa. Ba tsoro na ji ba, warin maganin da ake jiƙa su da shi ma na saba da shi cikin mako biyu. Abin da na gano shi ne ba na son sanin abin. Abokaina suna gardama a kan wace jijiya ce ta bi ta ina, idonsu na ƙyalli, ni kuwa ina duban agogo. Ina buɗe littafin sassan jiki sai barci. Amma in aka ba ni lissafi ko wata na'ura ta lalace a ɗakin kwana, sai in kwana a kai ban sani ba.

Babbar jarrabawar farko, wadda ake haɗa ilimin sassan jiki da na aikinsu da na sinadaransu, na faɗi. Na sake, na faɗi. Na maimaita shekara, na sake faɗuwa, aka sallame ni. Wata goma sha ɗaya ban gaya wa kowa a gida ba. Ina shirya jaka in ce na koma makaranta, in je in zauna a ɗakin wani abokina. In na zo hutu maƙwabta na kawo min yara in duba. Ranar da babana ya ji, bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai tashi ya shiga ɗaki. Mun fi shekara ba ma haɗa ido.

Yanzu ina gyaran na'urorin asibiti, injin ɗaukar hoto da na wankin ƙoda, ina da yara huɗu a ƙarƙashina, alhamdu lillahi. Amma shekara bakwai na zubar, uku a JAMB huɗu a ciki, don na kasa buɗe baki in ce Baba ba na so. Ban ce kai ma haka kake ba. Wataƙila kai kana so. Ka dai tabbatar muryar da kake ji a ranka taka ce.

Hajiya Umman Yara:
Innalillahi. Wallahi jikina ya yi sanyi. Bari in kira nawa da ke aji uku in ji lafiyarsa.

Dakta Maman Ilham:
Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da ka faɗi wannan. A ajinmu ma an yi irinka, kuma ba marasa ƙoƙari ba ne.

Sadik, ga abin da zan ba ka, ba nasiha ba, aiki. Kana da wani naka da ke kwance a asibiti yanzu? In akwai, ka karɓi jinyarsa kwana uku, dare da rana, ba zuwa dubiya da lemo ba. Kai za ka zubar da fo, kai za ka bi layin magani, kai za ka nemo nas ƙarfe biyu na dare. Ka sa ido ka ga me likitocin ke yi, musamman ƙananan. In an zo wanke ciwo kada ka fita. Bayan kwana ukun ka lura da kanka: ɗokin gudu kake, ko tambayoyi ne suka cika maka kai? Ƙyama ba komai ba ce, tana wucewa, ni ma na yi amai ranar farko. Rashin son sani ne ba ya wucewa.

Sadik:
Akwai ƙanin Mama, ciwon suga ya taɓa masa ƙafa, sati biyu ke nan yana kwance. Yayana ke kwana da shi. Zan karɓe shi daga gobe in sha Allahu.

Dakta Nura:
Ƙafar mai suga? To lallai an ba ka jarrabawa mai kyau. Kada ka ci abu mai nauyi kafin a zo wanki.

Sadik:
Salam. Na dawo, yau kwana huɗu. Ranar farko da aka kwance bandejin na fita da gudu, ban kai bakin famfo ba. Wata nas ta yi min dariya ta ba ni ruwa. Rana ta biyu na tsaya, ni na riƙe masa ƙafar. Na tambayi ƙaramin likitan me ya sa Kawu ba ya jin zafi alhali ana yanke naman da ya mutu, ya ce suga ne ya kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo, shi ya sa ma tun farko ƙusa ta soke shi bai sani ba sai da wurin ya ruɓe. Na kwana ina karanta wannan a waya. Amma kuma mutumin gadon da ke kusa da mu ya rasu daren Alhamis, muna hira da shi da magariba, ya ba ni dabino. Likitan da ya zo ya duba shi ya rufe masa fuska, na gan shi bayan minti goma a baranda yana cin biredi da shayi. Na kasa gane ko burge ni ya yi ko tsoro ya ba ni.

Ban yanke ba tukuna. Na dai gaya wa Mama duk abin da aka faɗa a nan, ta ce ita za ta fara yi wa Baba magana kafin ni. Yaya Kabiru, in mutum ya danna karɓa a shafin JAMB, zai iya sake zana jarrabawar baɗi yana cikin makaranta?

Kabiru Lab:
Mutane na yi. Amma kada ka danna komai tukuna, ka shigo ta akwatina in yi maka bayanin yadda abin yake.

Dakta Maman Ilham:
Biredin nan wataƙila shi ne abincinsa na farko tun safe. Ya jikin Kawu? Sun ce za a iya ceto ƙafar?

Sadik:
Sun ce sai babban likita ya gani ranar Litinin, Anti.

Abban Walid:
Allah ya ba shi lafiya. Kujerar shago dai tana nan, ban ba kowa ba.